Shari'ar Mankayi, mai haƙar zinaren da ya rasu saura kwana shida kotu ta ba shi gaskiya

Thembekile Mankayi mutumin Afirka ta Kudu ne, daga lardin Eastern Cape. A watan Janairun 1979 ya fara shiga rami haƙar zinare a mahaƙar Vaal Reefs, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin AngloGold Ashanti, bai fito daga wannan aiki ba sai Satumban 1995. Shekara 16 kenan da 'yan watanni. Ya koma gida da ciwon huhu, tarin fuka da toshewar hanyoyin numfashi, sai a 2004 hukumar likitocin gwamnati ta tabbatar cewa eh ciwon nan daga aiki ya samo shi, aka ɗauko rand 16,320 (rand shi ne kuɗin Afirka ta Kudu) aka ba shi a dunƙule aka ce shikenan an sallame shi. Ka raba kuɗin nan da shekarun da ya yi a rami zaka ga ko rand 1,000 bai samu ba a kan kowace shekara, kuma a ciki ake so ya sayi magani ya ci da iyali har ƙarshen ransa.

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane abin da ya ci shi. Zinaren Afirka ta Kudu ba a sama yake ba, ana sauka kilomita biyu, uku, wasu ramukan ma kusan huɗu cikin ƙasa, ga zafi kamar me, kuma zinaren a cikin wani dutse mai tauri yake wanda kusan duk jikinsa sinadarin silika ne. A huda dutsen da injin, a cusa nakiya a fasa, sannan a shigo a kwashe ɓaraguzan. Kowanne cikin ukun nan ƙura yake tayarwa. Ƙurar da ido ke gani ma da sauƙi, hanci da maƙogwaro suna tare ta mutum ya yi kaki ya tofar, mai kisan ita ce wadda ba a gani, tsabar ƙanƙanta take wucewa har can ƙasan huhu ta zauna, jiki ya yi ta ƙoƙarin fitar da ita ya kasa sai wurin ya yi tabo, tabo kan tabo har huhun ya sandare ya daina buɗewa yadda ya kamata. Wannan ita ce cutar silikosis. Ba ta da magani, kuma ko mutum ya bar aikin ba ta tsayawa, ci gaba take yi. Sannan tana buɗe wa tarin fuka ƙofa sosai, mai ita ya fi sauran mutane kamuwa nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi wahala a harkar diyyarta shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Wanda injin ya cire wa hannu kowa ya gani, akwai jini akwai shaidu akwai ranar da abin ya faru. Ita kuwa wannan sai bayan shekara 10 ko 20 take fitowa, lokacin mutum ya daɗe da barin kamfani yana ƙauyensu, da farko ya ga in ya hau tudu yana haki, a hankali ya koma ko daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango ya huta, dare ya yi ba barci sai tari, gona ta gagara, ɗaukar bokitin ruwa ya gagara.

Kuma fa kar wani ya ce ba a sani ba. An gano zinare a yankin Witwatersrand, inda birnin Johannesburg yake a yau, a 1886, kafin a yi shekara 20 gwamnatin Turawa ta riga ta kafa kwamitin binciken wannan cuta a 1902 saboda yadda take kashe Turawa masu huda dutse. Kusan 1911 zuwa 1912 aka fara dokar biyan diyyarta. A 1930 ma a birnin Johannesburg aka yi babban taron duniya kan silikosis. To amma tsarin da aka gina Bature ya fi amfana, shi ake duba wa ƙirji akai-akai shi ake ba kuɗi mai kauri, baƙar fata kuwa ɗan ci-rani ne da ake kwasowa da kwantiragi daga Transkei (yanki a cikin Eastern Cape ta yau) da Lesotho da Mozambik da Malawi da Botswana da Swaziland, in ya fara tari a sallame shi ya koma garinsu, can inda babu injin ɗaukar hoton ƙirji balle likitan da ya san cutar. Ciwon ya koma kan matarsa da 'ya'yansa, littafin kamfani kuma fes. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata kwamitin bincike na alƙali Leon, a rahotonsa na 1995, ya ce alamu sun nuna yawan ƙurar da ke ramukan nan bai wani sauya ba cikin kusan shekara 50. Wani bincike da aka buga a 2004 kan baƙaƙen ma'aikata da suka daɗe a aikin ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da silikosis, kuma waɗannan masu aiki ne a lokacin, ba a ma zancen waɗanda aka riga aka kora gida.

Yanzu ga inda doka ta shigo. Afirka ta Kudu tana da dokokin diyya guda biyu. Akwai babbar doka ta 1993 da ake kira COIDA, ita ce ta kusan kowane ma'aikaci, ɗan masana'anta ne ko direba ko magini. Tsarinta irin wanda ƙasashe da yawa ke bi ne, ciniki ne aka ƙulla, kamfanoni suna zuba kuɗi a asusu, in ma'aikaci ya ji rauni asusun zai biya shi ba sai ya tsaya tabbatar da cewa laifin kamfani ne ba, za a biya kuɗin asibiti, in nakasar ta yi yawa a sa shi a fansho duk wata, amma shi kuma ya haƙura da kai ubangidansa kotu neman diyyar sakaci. Sashe na 35 na dokar ne ya faɗi haka, kuma Kotun Tsarin Mulki ta taɓa duba sashen a 1998 ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba. Gaskiya ni ban ga aibin wannan ciniki ba in har abin da ake bayarwa ya isa, domin talaka da zai yi shekara biyar yana shari'a da kamfani gara masa kuɗin da zai zo da wuri.

Sai ɗaya dokar, ta 1973, ODMWA, ita kuma ta masu ciwon huhu ne daga aikin ma'adinai kaɗai. A nan babu fansho, kuɗi ne dunƙule ɗaya a mataki biyu gwargwadon yadda huhun ya lalace, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Sashe na 100 nata ya ce duk wanda ciwonsa ya faɗo ƙarƙashinta to ba shi da rabo a COIDA. Kaga Mankayi da ciwon nan a masana'antar da ba ta ma'adinai ba ko wani wurin da ba mahaƙa ba ya same shi da lissafinsa daban ne. Kuma ko ɗan abin da dokar ta tanada samunsa aiki ne, sai hukumar likitoci da ke Johannesburg ta tantance, wanda ya mutu kuwa sai an ciro huhunsa da zuciyarsa an aika an duba kafin iyalinsa su samu wani abu, ka faɗa min wace bazawara ce a ƙauyen Lesotho ta san da wannan ƙa'ida kafin a binne mijinta. A 2015 gwamnati da kanta ta ce akwai mutum wajen 100,000 da aka tabbatar sun cancanci kuɗin amma ba a biya su ba.

A ganina nan ne asalin matsalar take. Rage ƙura a rami kuɗi take ci, sai an sa manyan fankoki masu jan iska, a riƙa fesa ruwa wajen huda, a jira ƙura ta kwanta bayan fashewar nakiya kafin a tura mutane, a riƙa auna iskar da gaske. In kuwa huhun mutum ɗaya rand dubu goma sha wani abu ne, kuma ma yawancinsu ba za su taɓa zuwa karɓa ba, to duk mai lissafin riba ya san wanne ya fi arha. Diyyar da ta yi arha haka ba ta hana komai, izini ce kawai ta ci gaba.

A 2006 Mankayi ya shigar da ƙarar AngloGold Ashanti, lauyansa Richard Spoor, wanda dama ya yi suna a shari'ar masu ciwon huhu daga ƙurar ma'adinin asbestos. Ya nemi kusan rand miliyan 2.6, na albashin da ya rasa da wanda zai rasa nan gaba, da kuɗin magani, da na azabar da yake sha. Hujjarsa ita ce kamfani ya san haɗarin ƙurar nan kuma doka ta ɗora masa nauyin kare ma'aikata amma ya yi sakaci. Kamfanin bai ma tsaya amsa zancen ƙura ba, cewa ya yi ƙarar ba ta da hurumi tun daga tushe, wai Mankayi ma'aikaci ne a ma'anar COIDA, sashe na 35 kuma ya hana ma'aikaci ƙarar ubangidansa, magana ta ƙare. Wato dokar da ta ce ba ka da ko sisi a cikinta, ita ce kuma za a ɗauko a rufe maka ƙofar kotu da ita, ba ga tsuntsu ba ga tarko. Babbar Kotu a Johannesburg ta yarda da kamfani a 2008. Ya ɗaukaka ƙara, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙoli ita ma ta ba kamfani gaskiya. Duk wannan lokacin mutumin yana gida jikinsa na ƙara lalacewa.

Suka wuce Kotun Tsarin Mulki. Ranar 3 ga Maris 2011 Mai Shari'a Sisi Khampepe ta ba da hukuncin kotun, ta rushe na kotunan biyu. Abin da kotun ta tsaya a kai mai sauƙin ganewa ne, hanin da ke sashe na 35 yana kan wanda yake da damar cin amfanin COIDA ne, shi ne ya karɓi wani abu ya bar wani abu, wanda aka riga aka cire daga cikinta kuwa ba a ƙulla wannan ciniki da shi ba, don haka haƙƙinsa na zuwa kotu yana nan. Kotun ta kuma haɗa batun da 'yancin da tsarin mulki ya ba kowa na kare lafiyar jikinsa, ta kuma yi maganar tarihin masu haƙar nan da irin dukiyar da ƙasar ta tara da guminsu. Mankayi bai ji ko ɗaya ba. Ya rasu ranar 25 ga Fabrairu, kwana shida kafin ranar.

A lura fa, kotun ba ta ce kamfani ya yi sakaci ba, ba ta kuma ce a biya miliyan 2.6 ba. Shekara kusan biyar aka kwashe a kan tambaya ɗaya tak, shin yana ma da ikon shigar da ƙarar ko babu. Amma wannan amsar ita ta canza komai, domin akwai dubban ɗaruruwa irinsa.

Nan lauyoyi suka bazama ƙauyuka suna rubuta sunayen tsofaffin ma'aikata. Ofishin Spoor da na Abrahams Kiewitz da cibiyar Legal Resources Centre suka haɗa ƙararrakinsu wuri ɗaya suka nemi kotu ta yarda a yi shari'ar taron dangi, wato 'yan mutane kaɗan su tsaya a madadin duk wanda abin ya shafa, sunan wani tsohon ma'aikaci, Bongani Nkala, ne a gaba, kamfanonin da ake ƙara sun kai wajen 30. Kamfanonin suka ce sam ba zai yiwu ba, kowane rami da irin ƙurarsa kowane mutum da tarihinsa, kowa ya zo shi kaɗai. Ranar 13 ga Mayu 2016 Babbar Kotu a Johannesburg ta amince da taron dangin, rukuni biyu, masu silikosis da masu tarin fuka, tun daga waɗanda suka yi aiki daga 12 ga Maris 1965. Dalilinta kuwa a fili yake, mutanen nan talakawa ne marasa lafiya a warwatse cikin ƙasashe da dama, in aka ce kowa ya zo shi kaɗai to an ce kar kowa ya zo kenan.

Akwai wani ɓangare na hukuncin 2016 da ba a cika magana a kai ba alhali ni shi ya fi taɓa ni. A tsohuwar ƙa'ida, in mai ƙara ya mutu kafin shari'a ta kai wani mataki to kuɗin azaba da raɗaɗin da yake nema ya bi shi kabari, magada ba su da shi. Ka duba abin da wannan ke nufi a shari'ar da masu ƙarar ke mutuwa duk wata, duk jan ƙafar da aka yi ragi ne ga wanda ake ƙara. Ƙungiyoyin Sonke Gender Justice da Treatment Action Campaign suka shigo suka nuna wa kotu waye yake ɗaukar jinyar nan a zahiri, matan aure ne da 'ya'ya mata, su ke wanke majiyyaci su juya shi su kai shi asibiti, wata ta bar sana'arta wata an cire ta daga makaranta. Rinjayen alƙalan suka ce a gyara ƙa'idar, haƙƙin ya wuce ga magada ko da mutum ya rasu ana tsakiyar shari'a.

Kamfanonin sun nufi ɗaukaka ƙara amma a gefe ana zaman sulhu. Dama a watan Maris 2016 Anglo American da AngloGold sun sasanta wata ƙarar daban ta mutum 4,365. Ranar 3 ga Mayu 2018 aka sa hannu a babbar yarjejeniyar, kamfanoni shida, African Rainbow Minerals, Anglo American ta Afirka ta Kudu, AngloGold Ashanti, Gold Fields, Harmony da Sibanye-Stillwater, kuɗin da aka ƙiyasta rand biliyan 5. Kotu ta amince da ita ranar 26 ga Yuli 2019, aka kafa asusun amana mai suna Tshiamiso a 2020 wanda zai yi shekara 12 yana karɓar buƙatu yana biya. A yarjejeniyar ta 2018, mai silikosis matakin farko rand 70,000, na biyu 150,000, na uku 250,000, wanda abin ya yi wa muni ƙwarai har 500,000, masu tarin fuka kuma daga 10,000 zuwa 100,000. Wannan ƙari ne a kan abin da dokar 1973 ke bayarwa. Kamfanonin ba su amsa laifi ba, haka sulhu yake.

Biliyan 5 tana da daɗin ji a labarai, amma ka ajiye 70,000 ko ma 250,000 kusa da miliyan 2.6 da Mankayi ya lissafa a matsayin asararsa ta gaskiya sai ka ga tazarar. Lauyoyin sun san da haka, abin da suka duba shi ne in aka ce sai an kai ƙarshen shari'a to wata shekara goma ce ko fiye, su waye za su rage a raye. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan sulhun ma wahalar ba ta ƙare ba, asusun ya fara aiki annobar korona ta shigo aka dakatar da gwajin hura numfashi, sannan ga maganar takardu, sai ka kawo shaidar cewa ka yi aiki a ɗaya daga cikin mahaƙan da yarjejeniyar ta lissafa, mutumin da ya bar aiki tun 1980 da wani abu, katinsa ya ɓace, sunansa ma an rubuta shi ba daidai ba a rajistar kamfani. Na mamaci kuwa ya fi wuya, takardar shaidar mutuwa da yawa abin da aka rubuta a kai kawai mutuwa ce ta Allah da Annabi, ba a ambaci huhu ba, ita kuma bazawara an ce ta kawo hujjar cewa silikosis ko tarin fuka ne ya kashe shi. Zuwa 2023 asusun ya biya sama da rand biliyan 1, an kuma mayar da mutane masu ɗimbin yawa hannu rabbana saboda gwaji bai nuna cutar ba ko takarda ba ta cika ba.

Mu a Najeriya irin wancan cinikin na COIDA muke da shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da shi, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Ma'aikaci a dokar ya haɗa da ɗan kwantiragi da lebura na wucin gadi da ɗan koyo da ɗan aikin gida, ko da baki aka yi yarjejeniyar. Wanda ya nakasa gaba ɗaya kashi 90 cikin 100 na albashinsa ne duk wata, kuma duk takardar da aka sa mutum ya sa wa hannu cewa ya yafe diyyarsa ba ta da amfani a idon doka. Sashe na 12 shi ne ɗan'uwan sashe na 35 ɗin can, yana cewa diyyar hukumar ta maye gurbin ƙarar ubangida, duk da haka ma'aikata suna kai ƙarar sakaci Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma lauyoyi na ta muhawara kan iyakar sashen, musamman in kamfani bai taɓa yi wa ma'aikatansa rajista ba balle ya zuba ko kwabo.

Silikosis tana cikin jerin cututtukan aiki da dokar tamu ta amince da su, kuma muna da masu shaƙar irin wannan ƙura, masu fasa dutse a kwari, masu aikin injin niƙa dutsen zinare a Zamfara da Neja, 'yan'uwanmu da ke tafiya haƙa Djado da sauran wurare a arewacin Nijar, yawancinsu ba rajista ba katin aiki ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton ƙirjinsu. Wa'adin da dokar ta sa kuma gajere ne, ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangidan ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya daga ranar raunin ko ranar da cutar ta nakasa mutum, sai in akwai uzuri mai ƙarfi ne ake ɗagawa zuwa shekara uku. In hukumar ta ƙi biya akwai kwana 180 na neman ta sake duba hukuncinta, daga nan sai Kotun Ma'aikata. Duk matakan nan da takarda ake hawansu, katin aiki, takardar albashi ko alat ɗin banki, rahoton likita da hoton ƙirji mai kwanan wata, da kwafin wasiƙar da aka sanar da kamfani wadda wani ya sa hannu ya karɓa.